Kalmar da Aka Hana Mu Faɗa

Litinin, 3 ga Maris
An kwantar da wani tsoho a gadon bakin taga. Ciwon daji ne a hanta, ya riga ya ci jiki. Baƙo ne, ba ya jin yarenmu, 'yarsa ce ke yi masa tafinta. Ina haɗa masa ƙarin ruwa ta jawo ni bayan labule: "Sista, don Allah kada a ambaci sunan ciwon nan a gabansa. Mu a wajenmu ba a gaya wa babba irin wannan, 'ya'ya ne ke ɗauka." Na ce jikinsa ne, haƙƙinsa ne ya sani. Ta dube ni kamar na zagar mata uba.

Laraba, 5 ga Maris
Likita ya yi dogon bayani: babu sauran aiki, sai dai rage zafi. 'Yar kuwa ta juya masa a gajarce, tsohon har da murmushi. Na tambaye ta me ta ce. Wai gajiya ce, zai warware. Da ɓacin ran na koma gida na huce a kan maigidan, bawan Allah, daga tambayata ina makullin mota.

Alhamis, 6 ga Maris
Ya ƙi abincin asibiti. Na gida ma taɓawa kawai.

Asabar, 8 ga Maris
Ashe tela ne. Ina gyara masa filo ya kama hannun rigata, ya bi ɗinkin da yatsa, ya girgiza kai yana tsaki. Muka yi dariya, ni da shi. Sai ya riƙe ni ya yi wata doguwar magana, 'yar kuma ta fita sayo magani. Ko kalma ɗaya ban gane ba. In tambayata yake ko mutuwa zai yi fa? Ni dai kai na yi ta gyaɗawa kamar wata sakarya.

Talata, 11 ga Maris
Na matsa har aka turo tafintan asibiti. 'Yar ta tsaya bakin ƙofa, idonta jajur. Na ce, "Baba, kana so ka ji abin da likita ya gani?" Ya ce a gaya wa 'yarsa. Na sake tambaya, ko bai fahimta ba. Ya dubi taga, sannan ya ce, "Yarinya, 'yata tana iya ƙoƙarinta. Don me kike so ki kunyata ta a gabana?"
Na kasa cin abincin rana. 'Yar kuwa ko sannu ba ta ƙara ce mini ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Ya cika da hantsi. Kafin mu ankara dangi sun cika ɗakin, sun kewaye gadon suna rera wani abu ƙasa-ƙasa da yarensu. Shugabar sashenmu ta ce in fitar da su, doka ce, ga sauran marasa lafiya. Na ja labule na tsaya a bakinsa, na ce ban gama gyara shi ba. Ta san ba haka ba ne, ta wuce.
Da za su tafi 'yar ta bi kowa da godiya. Ni kai kawai ta ɗaga mini.

Litinin, 17 ga Maris
Har yanzu ina ganin mutum ya kamata ya san abin da ke cinsa. Wataƙila akwai wanda yake so ya nemi yafiyarsa. Wataƙila kuma ya nema, ni ce ban ji ba.
Wata malamar makaranta ce a gadon yanzu, gobe sakamakonta zai fito. Ina auna jininta na ji bakina yana cewa, "Yaya, in ya fito, ke za a gaya wa, ko akwai wanda kike so ya fara ji?" Ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta, in bari ta yi tunani.
Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. Tambaya ce kawai.