Layin da Na Ja a Wuyan Baban Edna

Litinin, 10 ga Oktoba, 2016

Na fara koyarwar gwaji yau, karo na uku kuma na ƙarshe. Haka matar ofishin kwalejinmu ta faɗa min tana duba faratanta: wanda bai kammala diflomar koyarwa cikin shekara uku ba, sunansa ya fita daga rajista. Shekarar farko 'yan gudun hijira suka cika makarantar da aka tura ni, azuzuwa suka koma ɗakunan kwana. Ta biyu Dada, mahaifiyata, ta kwanta ciwo. Bana kuwa ko da rarrafe ne sai na gama.

Mako shida ne. Firinsifal ya sa hannu a littafin gwajina, in kai ofis, in samu difloma, in zauna jarrabawar lasisi. Shekarata talatin da uku, digirin zane yana ƙasan akwati tun 2009.

Makarantar tana Jimeta, bayan tasha. Firinsifal ɗin, Mista Zadok, yana son zaman lafiya har ya wuce misali. Ina jin ko akuya ta shigo ofishinsa sai ya ba ta kujera. An ba ni 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, in koya musu zane. Yara sittin da ɗaya, fensir bai kai ashirin ba.

Laraba, 12 ga Oktoba

Bappa Bobboyi, ɗan'uwan Baba, ya sake tuna min. Idan bana ma bai yiwu ba, in ajiye wannan wasan in zo in taya shi a shagon atamfa. Shi ya riƙe mu tun rasuwar Baba, kuma bai faɗa da mugunta ba. Da ma da muguntar ya faɗa, da na samu abin yin fushi.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Ganye, ƙwarya, tulu, su muke ta zanawa. Muryata ta dushe.

Juma'a, 28 ga Oktoba

Manhaja ta kawo mu zanen mutum.

Lokacin da zan tafi jami'a karatun zane Bappa bai so ba. Zanen mai rai ba abin wasa ba ne a gidanmu. Sai da Dada ta yi ta roƙo ya yarda, da sharaɗi guda: duk mai rai da na zana, in ja masa layi a wuya, ya raba kai da jiki, don kada ya zama cikakkiyar sura. Na yi alkawari ina durƙushe a gabansa. Malamanmu sun yi dariya, sun rage min maki, suka gaji suka bar ni. Yanzu ba na ma sanin na yi, hannuna ke yi da kansa kamar yadda ake janyo ƙofa in za a fita.

Shi ya sa ban zana musu komai a allo ba. Na ce kowa ya zana wanda yake ƙauna a gidansu.

Lahadi, 30 ga Oktoba

Na yini ina duba takardu da jan biro. Da'ira da sanduna, da'ira da sanduna. Wani ya zana kakarsa kamar bokiti.

Sai ta Edna, yarinyar nan ta layin baya da ban taɓa jin muryarta ba. Mutum ne a zaune, ya ɗan karkata kai, yana shirin yin dariya. Har ƙaramin tabo a gira. Shekara goma sha uku! Na daɗe ina kallo, na ba ta goma bisa goma. Yau na tuna dalilin da ya sa nake son aikin nan.

Litinin, 31 ga Oktoba

Innalillahi.

Monitar aji ta raba takardu. Ina goge allo na ji ajin ya yi tsit. Edna tana zaune a ƙasa tsakanin benci, ta toshe kunnuwa, bakinta a buɗe amma ba sauti. Na ɗauki takardar. Jan layi daga wannan gefen wuya zuwa wancan.

Nawa ne. Na san jan hannuna. A cikin takardu sittin da ɗaya tata ce kaɗai ta yi kama da mai rai, hannuna ya yi abin da ya saba.

Talata, 1 ga Nuwamba

Ƙanwar baban Edna ta zo, Madam Tracy, mai ɗinki a Yolde Kohi. Ita ke riƙon Edna tun da suka gudo daga Michika. Ta shimfiɗa takardar a teburin Mista Zadok, ta yi magana da Hausarta mai mai da mace namiji, ba ta ɗaga murya ba.

"Yarinyan nan ya ga an yanka babansa da idonsa. Shekara biyu ba ya magana kirki. Yanzu wani ya sake yanka shi da jan biro. Ina so in san wane ne."

Ina tsaye a nan. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ce komai ba. Har ta juyo ta gode min da na ba yarinyar goma.

Na yi amai a bayan ɗakin malamai.

Alhamis, 3 ga Nuwamba

Mista Zadok ya kira ni, ya rufe ƙofa. Na ga ya sani, ya kuma ga na gane ya sani. Ya ce bai tambaye ni ba, kada in faɗa masa komai. In rubuta takarda cewa ayyukan yaran sun kwana a aji ba kulle, ban san wanda ya taɓa su ba. In kawo kafin ranar sha takwas, ya sa hannu a littafina, kowa ya huta.

Ya ce idan aka ji malama Musulma ce ta yi wa hoton uban 'yar Kirista haka, a garin nan, a wannan lokacin, shi ba zai iya kashe wutar ba, kuma ba zai iya sa hannu cewa na dace da riƙe aji ba.

Gaskiya ya faɗa. Ƙarya ce amma ba ta cutar da kowa. Ko ba haka ba?

Asabar, 5 ga Nuwamba

Na rubuta. Layi huɗu. Tana cikin jakata.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Kwana tara Edna ba ta zo ba. Kullum in shiga ofis da takardar, in gaida Mista Zadok, in tambayi alli in fito. Allin da na tara ya isa buɗe shago.

Ba na iya cin abinci. Dada ta ce ko zazzaɓi ne, na ce e.

Ya Allah, shekara bakwai. Ba zan iya zama a bayan kantar shago ina auna yadi har in tsufa ba. Ba zan iya ba.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Na hau keke napep zuwa Yolde Kohi. Na ce wa kaina dubiya zan je, in lallaɓa yarinyar ta dawo, Litinin in miƙa takardar hankalina kwance.

Madam Tracy ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa mai sanyi. Ta ce yarinyar ba ta fita ko ƙofar gida, ta ce an gaya musu ana zargin wani ne a cikin ɗalibai. Edna ta fito ta zauna nesa da ni. Na ce ajin ya yi kewarta. Ta girgiza kai, a karon farko na ji muryarta.

"Anti, sun biyo mu har nan. Suna cikin ajinmu."

Ashe abin da ƙaryar za ta yi ke nan. Yarinyar za ta dinga kallon yara sittin tana neman wanda zai yanka ta.

Na ce, "Edna, ba kowa a ajinku. Ni ce na ja."

Na fara bayani, Bappa, alkawari, sura. A kunnena ma maganar ba ta yi daɗi ba. Madam Tracy ta ɗauke kofin daga gabana ta ce in tashi in fita mata daga gida. Na fita. Na manta da tsayar da keke, da ƙafa na dawo unguwarmu Alkalawa.

Litinin, 14 ga Nuwamba

Madam Tracy ta riga ni zuwa ofis. Ta ce ba za ta kai maganar waje ba, don yarinyar, amma a cire ni daga ajin. Mista Zadok ya tura min littafina a kan tebur yana kallon taga. Na roƙe shi. Na durƙusa, ni Zuhra, a kan siminti. Ya ce, "Malama, na ba ki ƙofa, ke kika rufe."

Shi ke nan. Shi ke nan fa.

Laraba, 16 ga Nuwamba

Jiya ban tashi daga gado ba. Yau da hantsi aka ce ana sallama da ni, na fito na ga Madam Tracy a zaure, ko zama ta ƙi yi. Ta miƙo takardar nan mai jan layi. Ta ce gidansu ya ƙone da komai, ba su da hoton ɗan'uwanta ko ɗaya, wannan ne kaɗai, kuma Edna ta gwada sakewa fuskar ta ƙi zuwa mata.

"Ban yafe maka ba, Malama. Amma kai ka ɓata, kai za ka gyara."

Na bi ta da babbar takarda da fensir. Muka zauna a ƙarƙashin dalbejiya, ni da Edna, tata takardar a gabana na rufe wuyan da yatsa. Tana cewa hancin ya fi haka faɗi, kunnen ya ɗan fito, ba haka yake kallo ba. Ta yi magana yau fiye da duk wadda ta yi a wata guda. Wajen la'asar ta yi shiru, na ɗago na ga tana kallonsa.

Hannuna ya tafi wuya da kansa. Na ji shi yana tafiya. Na ajiye fensirin a ƙasa na zauna a kan hannun.

Juma'a, 18 ga Nuwamba

Yau aka rufe karɓar littattafai, ƙarfe sha biyu. Ban je ba. Me zan kai?

Bayan an sauko daga masallaci na samu Bappa a shago, na gaya masa duka: lasisi babu, alkawarin ma na karya, na zana mutum cikakke. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ya daɗe yana naɗe atamfa ɗaya. Can ya ce in nemi gafarar Allah, shi ba abin da zai ce. Sai da na miƙe ya tambaya a hankali, wai ya yi kama da shi? Na ce 'yarsa ta ce ya yi. Ya ce gobe ƙarfe takwas ake buɗe shago.

Na ɗauka zan yi kuka yau. Gajiya ce dai, ina jin.

Shekaranjiya Edna ta ce za a koma da ita makaranta Litinin. Ta ce kuma rigar da babanta ke sawa zuwa coci shuɗiya ce, wai ko zan zo Lahadi da yamma mu sa mata launi. Ni ba malamarta ba ce, ba kuma malamar kowa ba ce, ban ce mata zan zo ba.

Na dai tsaya a kasuwa na sayi shuɗin.