Ka Gyara wa Darla Ɗaki

Zuwa ga Yayana Orville,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, kai da matarka Bernice. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, ya sa kun ga bayan sanyin bana lafiya. Mu nan kalau muke. Maigidana Clyde yana ta fama da katakonsa, ni kuma ina masana'antar kujeru kamar kullum. Gaisuwa ta ƙare ke nan, Yaya, don da fushi na ɗauki alƙalamin nan, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ka tuna ranar bikin godiya na watan Nuwamba, kana yanka talotalo a teburina? 'Yata Darla ta ce tunda ita da mijinta Wade suna son haihuwa, shi kuma rufin gidaje yake yi na ƙashin kansa, ba shi da inshorar lafiya ta wurin aiki, za ta sayi tata kafin a rufe rajistar shekara. Ka ajiye wuƙa ka tuntsire da dariya. Ka ce yaran zamani ba su san zafin nema ba, ai tana cikin inshorar uwarta har ta cika shekara ashirin da shida, kuma doka ta tilasta wa kowace inshora ɗaukar nauyin haihuwa, in ƙarya kake a yanke maka kunne. Wa ya isa ya musa wa Kawu Orville? Yarinya ta bar rajista ta wuce.

Yanzu cikinta wata biyar. Ranar awo, matar da ke karɓar kati a asibiti ta ja ta gefe ta ce gara a bincika tun da wuri. Na kira kamfanin inshora, suka ce in tambayi wurin aikina. Wurin aiki suka tura ni ofishin jiha. A can wani saurayi mai sanyin murya ya ce lallai akwai dokar, amma ba ta hau kan masana'antarmu ba, don ita ke biyan maganin ma'aikatanta daga aljihunta, kamfanin inshora takardu kawai yake riƙe mata. Na ce to katin da ke jakata na ado ne? Da na koma ofishinmu sai matar wurin ta fito mini a fili. Wai da ni ce na yi ciki, da shekaruna hamsin da biyu, za su biya har kuɗin gadon asibiti. Amma 'yar ma'aikaciya awo kawai aka yarje mata, ranar naƙuda kuwa ta ji da kanta. Na ce mata madalla, bari in je in yi wa Clyde albishir, ashe mu ake jira.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na buga maka waya. Ko haƙuri ba ka ba ni ba. Cewa ka yi, ai ku a jiharku ba haka abin yake ba. Darla a jiharku take zaune, Yaya?

Likita ya ce jininta yana hawa, wataƙila sai an yi mata aiki, don haka babu zancen haihuwa a gida. An gaya mana a jiharmu samun ciki ba ya sa a sake buɗe rajista, amma in mutum ya ƙaura wata jiha ana buɗe masa. Wade ya so ya sayar da motar aikinsa, Darla ta ce in ya sayar, da me za su ci? Saboda haka sun yanke shawara, ƙarshen watan nan za su tattaro su taho garinku. Ya ma samu masu rufin da za su ɗauke shi a can. Ni ba zan iya biyo su ba, don in na bar aiki, inshorar da ke biyan allurar ciwon sukarin Clyde ita ma ta tafi. Jikana na fari, kuma ba ni zan riƙe hannun uwarsa ba.

Ka kwashe kayan kamun kifinka daga ɗakin baya, can za su sauka. Gadon jaririn da Clyde ya ƙera yana cikin motar, ka taya Wade sauke shi a hankali, fentin bai gama bushewa ba.

Ka gaishe mini da Bernice, ka ce mata na bar mata amanar Darla. Ina gaida ɗanku Lyle da iyalinsa. Ranar da aka haihu, kai za ka riga ni ɗaukar jaririn. Ka kira ni, ka kai wayar kusa da bakinsa in ji kukansa, kai kuma don Allah kada ka ce komai.

Ƙanwarka, da har yanzu ba ta huce ba,
Maxine