Littafin da Aka Yi wa Wanka

Daga: Ermete Baldassini,
Tsohon malamin Latin,
Layin Majema, Valdimora.

9 ga Satumba, 1874.

Zuwa ga: Mai Girma Wakilin Gwamnati,
Ofishin Lardi.

Game da: Ɓarnar da aka yi wa juzu'i na farko na littafin Ottaviano Scarsella a Ɗakin Karatu na Gari, da wadda ake shirin yi wa na biyu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin kawo kuka gabanka. Na koyar da Latin a garin nan har kaina ya yi fari, ban taɓa rubuta wa hukuma ƙorafi ba sai yau. Ƙarar a kan Sinyor Fulgenzio Tamburlani ce, Shugaban Ɗakin Karatu na Gari, surukin Magajin Gari, wanda kafin naɗinsa kowa ya san shi a bakin kasuwa yana awon yadi. Ban faɗi haka don raina masu yadi ba. Na faɗa ne don har yanzu awon yake yi.

1. Littafin da ake magana juzu'i biyu ne, an buga shi a Venis a shekarar 1548. Marubucinsa ya tattara tsofaffin kwafe na wani littafin nahawun Latin na mutanen da, ya gwada wannan da wancan, ya nuna inda masu kwafa suka yi gyangyaɗi suka tsallake layi, da inda suka yi wayo suka gyara abin da ba su gane ba. Bugun kansa ba abin nema ba ne, akwai irinsa a manyan birane. Abin da babu a ko'ina shi ne hashiyar namu, wato rubutun hannun da ke gefen shafukansa. Wani ɗan zuhudu, Fada Ilarione, ya zauna da wannan bugu a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma wani kwafi na fata da ya girmi duk waɗanda Scarsella ya gani, ya bi su layi bayan layi, yana rubuta kowane saɓani a gefen shafi da ɗan siririn rubutunsa. Kwafin fatar ya ƙone a gobarar gidan zuhudun tun kafin a haife ni. Saboda haka abin da ya rage daga gare shi a duniya shi ne abin da Fada Ilarione ya rubuta a gefen nan.

2. Da aka rufe gidan zuhudun aka miƙa wa gari littattafansa, sai aka jibge su cikin akwatuna a tsohon rumbun hatsi, ɓeraye suka riga mu karantawa. Sai a farkon bana aka buɗe su, na ga hashiyar, na gane mece ce. Nan take na nemi izinin kwafe ta. Sinyor Fulgenzio ya amsa mini cewa an hana shiga da tawada, don tebura sababbi ne. Na ce zan zo da fensir. Ya ce fensir yana barin ƙura. Na rubuta masa bayani har shafi uku a kan darajar littafin, ya karɓa da fara'a, kuma na ga takardar daga baya an naɗe ta an tokare ƙafar teburinsa da ke rawa.

3. Ranka ya daɗe, saboda zuwanka buɗe ɗakin karatun ranar idin waliyyin garinmu, 29 ga wata, an sa kafinta ya yi kantoci na katako mai tsada, tsayinsu ɗaya daga bango zuwa bango. Kantocin suna da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma da aka tarar wasu littattafan sun fi su tsawo, shugaban bai ga laifin kanta ba, laifin littafi ya gani. Ya fito da tsohon ma'auninsa na yadi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya ɗara sai ya yi masa alama da alli a kai wa Zeffiro mai ɗinkin littattafai ya rage masa tsawo. Ya kuma ba da umarni cewa duk littafin da aka yi wa rubutun hannu a ciki a wanke shi, kamar yadda ya ji ana yi wa littattafan manyan attajirai, domin idan baƙo mai daraja ya buɗe kada ya ci karo da ƙazantar 'yan zuhudu. Kalmarsa ce wannan, ba tawa ba.

4. Ranar Alhamis, 20 ga Agusta, na nemi juzu'i na farko aka ce yana wurin gyara. Na tafi gidan Zeffiro. Na tarar an farke ɗinkin, an tsoma shafukan cikin kwatarniyar magani mai warin da ke sa ido hawaye, an kuma shanya su a igiya a tsakar gida, gefe guda da taliyar da matarsa ta murza. Tawadar maɗaba'a ba ta jin wanki, tana nan baƙa ƙirin. Tawadar Fada Ilarione kuwa tana cikin ruwan kwatarniya, ta mai da shi ja-ja kamar romon wake. Na ɗaga shafi na duba a rana, na karkata shi ta nan, na karkata ta can, ko zan ga shatin alƙalami. Ban ga komai ba. Na zauna a bakin rijiyarsu na yi kuka a gaban matar mutane, kuma ban ji kunyar rubuta wannan ba. Ba na ƙarar Zeffiro. Abin da aka sa shi ya yi, ya kuma gaya mini cewa ɗan abin da magani bai ci ba wuƙar yanka gefe za ta ɗauke, don a sami tsawon kanta.

5. Da na koma wurin shugaban, sai na same shi ya cika ya batse, yana nuna wa baƙi wani littafin da aka riga aka gama wa wannan hidima. Ya ce in duba da kyau, fari tas, kamar yau aka buga shi. Na yi masa bayanin abin da ya salwanta. Ya tambaye ni ko harafi ɗaya na bugun ya goge, na ce a'a, sai ya ce to ai littafi yana nan, datti kawai aka cire. Ya ƙara da cewa idan rubutun limamin nan yana da amfani, me ya hana shi kai wa maɗaba'a kamar kowa. Scarsella ya ƙarar da rayuwarsa yana bin sawun masu kwafa yana gyara ɓarnarsu, amma waɗannan bayin Allah ko ba komai sun iya karanta abin da suke ɓatawa. Namu bai san ko bihim ba a Latin, kuma ya yi a yini ɗaya abin da gobara ta kasa gamawa.

6. Na kai kuka wurin Magajin Gari. Ya ba ni kujera, ya ba ni kofi, ya tambayi ciwon gwiwata. Ya ce sabuwar ƙasa muke ginawa, ba ta da lokacin tsintar rubutun tsofaffin limamai, kuma surukinsa mutum ne mai son tsafta tun yana yaro. Ya raka ni har ƙofa. Kofin ya yi daɗi, shi ne kaɗai abin da na samu.

7. An yi wa juzu'i na biyu alamar alli, an sa ranar Litinin, 14 ga wata, za a kai shi kwatarniya. Hashiyarsa ta fi ta farkon yawa.

8. Ina sanar da ofishinka, don kada ka ji a bakin wani, cewa ranar Litinin da ta wuce na shiga ɗakin karatun, na ɗauki juzu'i na biyu, na sa shi cikin kwat ɗina na fito. Na wuce ta gaban Sinyor Fulgenzio, muka gaisa, ya ce na yi ƙiba. Har yau bai san littafin ba ya nan ba, sai dai watakila ya lura akwai rata a kanta. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba a rayuwata, kuma na san sunan abin da na yi a doka. Littafin yana kan teburina ina kwafe hashiyar, amma idona ya raunana, rubutun Fada kuma ƙanana ne, ba zan gama kafin idi ba.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai nake roƙon Mai Girma ya ba da umarni a rubuce a dakatar da wanke littattafai da yanke su a Valdimora, ya kuma aiko wanda ya iya karanta Latin ya duba abin da ya rage. Ranar da wannan umarni ya iso, da hannuna zan mai da littafin. Kafin nan ba zan mayar ba, ko wa aka aiko.

Idan kuwa Mai Girma ya ga hukunta ni ne ya fi dacewa, ba ni da ja. Ƙofata a buɗe take, ba sai 'yan sanda sun wahala ba. Alfarma ɗaya nake nema: a ɗauki littafin a matsayin shaidar laifina, a kulle mu tare, da takarda da tawada. Na bi garin nan kaf a zuciyata, kurkuku ne kaɗai ɗakin da surukin Magajin Gari ba shi da mabuɗinsa.

Allah ya ja zamanin Mai Girma, ya ƙara masa lafiya da adalci.

Bawanka mai biyayya,

Ermete Baldassini