Tiyatar da Na Ce Na Gani

Litinin, 6 ga Oktoba

Labarina ya fito a shafi na uku, har da hoto. "Tiyata ba yanka: sabuwar na'ura ta iso babban asibiti." Kanun na Edita ne, sauran duk nawa. Huda huɗu a ciki, kowace ba ta fi kan yatsa ba. A zura siririyar kyamara ta ɗaya, almakashi da hantsaki masu dogon hannu ta sauran, likita yana kallon allo yana aiki. Mara lafiya ya kwana ɗaya ya tafi gida. Cikin awa biyu na rubuta shi ranar Juma'a, bayan taron ƙaddamarwa.

Edita ya ce, "Wannan ya zauna." Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da shafin lafiya, wannan ne karo na uku da ya faɗa min haka.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na biya shagon Yaya. Ta yanke labarin da almakashin ɗinki ta manna a bango, daidai saman kekenta. Duk wadda ta zo awo sai an nuna mata.

Ranar Talata mai zuwa ne za a cire mata maɗaciya, saboda tsakuwar da ke damunta tun bara. Ta ce ba za ta je ba.

"Auta, ashe kina da wannan labari kika zuba ido za a farke ni kamar buhu? Shekara ashirin ina yanka yadi, wanda aka yanka ba ya komawa. Ta hudar zan jira."

Na ce ta dai tambayi likitanta. A hankali na faɗa, ina dariya. Gaskiya daɗi nake ji.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Yaya ta je asibiti da ƙafarta ta ce a cire sunanta daga jerin masu tiyata. Mijinta ya kira ni yana tsokana: "Sarauniyar alƙalami, ke kika tayar da ƙura, sai ki samo mata layin masu huda." Na ce ya bar min, na san mutane.

Litinin, 13 ga Oktoba

Zan rubuta wannan dalla-dalla, kada gobe in sassauta wa kaina.

Na sami likitan da zai yi wa Yaya tiyata a wani ɗaki can ƙarshen baranda, hawa na biyu. Na'urar tana kusurwa, lulluɓe da leda, ko wayarta ba a warware ba. A tsakiyar ɗakin akwai akwati mai ramuka a sama. Wasu likitoci biyu, manya masu furfura, sun zura dogayen hantsaki ta ramukan suna kallon allo, suna ɗaukar ƙwayar wake daga wannan kofi zuwa wancan. Ɗaya ya zubar da uku a gabana, ya yi tsaki. A cikin akwatin, in ka kai hannu dama bakin hantsakin hagu yake tafiya. Sai hannu ya saba.

Na ce na zo a sa yayata a layin sabuwar tiyata.

Likitan Yaya ya ce, "Wane layi? Wake muke yi wa tiyata tukuna. Mutum sai nan da wata uku ko huɗu, in ragowar kayan sun iso, kuma nas-nas sun koyi wanke su."

Na ce, aikin da aka nuna mana a babban allo fa?

"Bidiyon kamfanin ne. A wata ƙasa aka ɗauka. Ai na faɗa lokacin tambayoyi."

Lokacin tambayoyi ina cikin mota, ina sauri kada a rufe shafi.

Likita bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Ya jawo durowa ya fito da takarda: mutum goma sha ɗaya sun ɗage aikinsu tun ranar da labarina ya fito. "Ɗaya ma ta ce ƙanwarta ce ta rubuta, kuma ƙanwarta ba ta ƙarya." Ya ce maɗaciyar Yaya ta yi kauri, ta sha kumbura, ko da na'urar tana aiki da wuya bai buɗe ta ba. Bai ba wa wani gurbinta na gobe ba. Ya ce in kawo ta da safe, kada ta ci komai.

Na dawo na buɗe littafin da na je taron da shi. Ga rubutuna a gefen shafi: "A tambaya, kai tsaye ne daga ɗakin tiyata?" Ban tambaya ba. A jarida kuwa na rubuta, "Na gani da idona." Ni da nake koya wa sababbin shiga cewa takardar sanarwa ba shaida ba ce.

Talata, 14 ga Oktoba

Ban kai ta ba.

Na kira ta jiya da yamma. Na ce layin na'urar yana da tsawo, likita ya ce gara ta yi irin ta da. Ta ce, "Layi ai jira ake yi, Auta. Wanda ya jira shekara zai jira wata." Na buɗe baki in ce babu layin, babu komai, sai na ji kaina ina tambayarta ko ta gama ɗinkin labulena.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na sami Edita kan batun gyara. Ya ce, "Asibitin sun kawo ƙorafi?" Na ce a'a. "To ba a kai gyara, sai an zo nemansa. Ki yi wani ɗan labari mako mai zuwa, ki ce ana ci gaba da horar da likitoci. Mai hankali zai gane."

Na ce to. Ba maganarsa ce ke cina ba, saurin da na yi na ce to ne.

Asabar, 18 ga Oktoba

Yaya ta yi amai sau biyu a shago. Ta ce maiƙo ne ya yi mata yawa.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na je gidansu da niyyar faɗa mata. Tun a hanya na tsara maganar, jimla uku. Na tarar da maƙwabta a falo, ta ce, "Ga ta nan, ita ce ta ga aikin da idonta." Wata dattijuwa ta tambaye ni ko ana yi wa mai ƙaba. Na amsa mata. Na amsa mata!

Farin idon Yaya ya soma rawaya. Na san abin da hakan ke nufi, na taɓa yin shafi guda a kansa. Na ce wa mijinta a ƙofa ya kai ta asibiti gobe. Ya ce ta rantse ba ta taka wurin sai an kira ta layin huda.

Talata, 21 ga Oktoba

Ƙarfe goma na safe mijin Yaya ya kira. Zazzaɓi, jiki na rawa, ta dafe gefen dama ba ta iya miƙewa.

Na same su a sashen gaggawa, gado na biyu, bayan koren labule. An sa mata ruwa. Likita yana tsaye da takardar amincewa, ita kuma ta juya fuska bango. Cewa take a ba ta allurar ciwo kawai, za ta jira na'ura. Likita ya ce maɗaciyar ta yi ruwa, in ta fashe a ciki magana ta canza. Mijinta yana ta "Don Allah, Maman yara, ki rufa mana asiri." Ta ce a tambayi Auta.

Likita ya dube ni.

Na tsuguna a gefen gadon. Na ce, "Yaya, ban gani ba."

"Me ba ki gani ba?"

"Tiyatar. Bidiyo aka nuna mana. Na'urar tana cikin leda, ba a taɓa yi wa kowa aiki da ita a nan ba. Babu layi."

Ta juyo. Leɓenta ya bushe har ya tsage.

"Amma kin rubuta da idonki."

"Na rubuta."

"Tun yaushe kika sani?"

Da na so, da na ce mata jiya na sani. Na ce kwana takwas.

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce wa likita, "Kawo biron." Ta sa hannu. Ta cire 'yan kunnenta da zobenta. Na miƙa hannu, ta tsallake shi ta ba mijinta.

Laraba, 22 ga Oktoba

Awa huɗu aka yi. Yanka daga ƙasan ƙirji har gefen haƙarƙari, da roba a ciki tana fitar da ruwa cikin jaka. Likita ya ce saura ƙiris ta fashe. Na tambaye shi, da ranar sha huɗu aka yi fa? Ya ce awa ɗaya da rabi, yanka rabin wannan, ba roba. Ba gori ya yi min ba. Ni na tambaya, shi kuma mutum ne mai amsa abin da aka tambaye shi.

Ta farfaɗo. Alhamdu lillahi. Ba ni da bakin cewa fiye da haka.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na rubuta gyaran. Ba a ƙasan shafi ba, a farkon filina, da sunana: ban ga aikin ba, bidiyo na gani, ban tsaya tambaya ba, duk wanda ya ɗage tiyatarsa ya koma wurin likitansa yau. Edita ya karanta sau biyu. Ya ce, "Kin san abokan aikinki za su yi shekara suna cin namanki?" Na ce na sani. Ya cire waƙafi guda ya miƙo min.

Cikin sauran mutum goman da suka ɗage aikinsu, bakwai sun koma da kansu ko asibitin ya same su a waya. Uku shiru.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ni nake wuni da ita. Tana hira da nas, tana hira da matar gadon kusa, har ta gaya mata wuyan rigarta ya karkace. Ni kuwa, "Miƙo ruwa." "Ɗaga filon." Mijinta ya daina tsokanata. Gaisuwa yake min cikakkiya, irin ta baƙi.

Litinin, 27 ga Oktoba

Gyaran ya fito. Waya ɗaya aka yi min a kansa. Wani mutum ya ce mahaifiyarsa tana cikin masu jira, gobe zai mayar da ita. Bai zage ni ba, bai gode ba, ya kashe. Saura biyu.

Alhamis, 30 ga Oktoba

An cire robar jiya, an sallame ta yau da hantsi. Ina haɗa kayanta cikin jaka, tana zaune a bakin gado tana neman takalminta da ƙafa, don ba ta iya sunkuyawa. Na tsuguna na sa mata.

Ta yi magana a saman kaina. "Ke da kika san komai na asibiti, yaushe zan iya taka keke? Kayan mutane na nan jibge."

Mako shida ne ya zo min baki. Na taɓa karantawa a wani wuri, kuma ina jin daidai ne.

Na ce, "Ban sani ba, Yaya. Bari in tambayo."

Likita yana ɗakin tiyata, sai da na yi minti arba'in a kan benci. Ya ce mako takwas, saboda girman yankan, kuma kada ta ɗaga ko bokitin ruwa. Na sa ya maimaita, na rubuta a bayan takardar sallama.

Da na dawo mijinta ya gaji da jira, yana ta kaɗa makullin mota. Yaya ta karɓi takardar ta karanta, ta ninke.

"Minti arba'in a kan tambaya ɗaya," in ji ta. "Taso, Auta, riƙe ni ta nan ɓangaren. A hankali, ba buhu kika ɗauko ba."