Rauda, Na Koma Cikin Teku

Zuwa ga Rauda, sanyin idona, inuwar zaitun da nake fakewa idan rana ta take, furen yasmin da ƙamshinsa ke riga shi shiga ɗaki, ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da jira. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, daga mijinki Munzir, wanda gida ya yi wa girma tun ranar da kika tafi garin Shabba wajen Umma, mahaifiyarki.

Ina fata kina lafiya, ƙafar Umma kuma ta yi sauƙi. Ni ma lafiya lau, in dai ana kiran mutumin da ke zuba shayi kofi biyu da safe, ya sha ɗaya, ya zauna yana kallon ɗayan har ya huce, mai lafiya. Na'ana'arki da ke bakin taga ina ba ta ruwa, amma ta san ba hannunki ba ne. Ya rabin raina, me ake yi da gari, komai kyansa, idan wadda ido ke nema ba ta cikinsa?

Na san labari ya riga ni isowa, don Mahdiya, garin nan namu, ba ta iya riƙe magana. Gaskiya ne, ranar Lahadi na shiga gasar nan ta iyo a teku, na kuma fito da ƙafata. Amma ba alfahari ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai abin da ya same ni a cikin ruwan nan, wanda ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Kin tuna ke kika fara tura ni? Ranar da muka dawo daga wajen likita, bayan ya ce in ban tashi tsaye ba zan bi sawun Baba, wanda ciwon zuciya ya ɗauke bai cika hamsin ba. Na zauna na yi tagumi, kika zo kika tsaya a kaina riƙe da ƙugu kika ce, "Malam, wannan tumbin ba shi ne gadon da za ka bar mini ba. Tashi ka sa takalmi." Na tashi. Kullum in dawo ina haki kamar tsohon jaki, ki tarbe ni da ruwan sanyi da tsiya. Daga gudu na koma keke, daga keke na faɗa hannun Koci Naji da ƙungiyarsa, masu gasar nan mai kashi uku: a yi iyo, a hau keke, a ƙarasa da gudu. Ni ɗan Ƙairawan, can tudu nesa da teku, wanda bai san ruwan da ya wuce na buta ba, na koyi iyo da furfura a gemu a kwamin ninƙaya na birni. Kika yarda, don kwami yana da bango, yana da ƙasa, ba ya kuma cin mutum.

Sai ranar da Koci ya ce lokaci ya yi da za mu gwada teku.

Kin raka ni, na kuma san abin da rakiyar ta ci miki. Shekara nawa rabonki da ki tsaya ki fuskanci ruwan nan? Tun da ƙaninki Sufyan ya shiga jirgin masu ƙetarawa Italiya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Maƙabartar garin nan cike take da fararen kaburbura masu kallon teku, amma babu nasa a ciki, babu inda za ki durƙusa ki dafa ƙasa ki yi masa addu'a. Duk da haka kika zo, kika tsaya can a bakin titi rungume da jakata.

Ban taɓa gaya miki yadda abin ya kasance daga ciki ba, don a lokacin ni ma ba ni da bakin faɗa. Da farko lafiya lau. Sai na tsoma fuska na duba ƙasa, na ga babu ƙasa. A kwami akwai baƙin layi da mutum ke bi. A nan wani kore ne mai duhu, ciyawar teku na kaɗawa can nesa kamar gashin mai barci. Sanyi ya doki goshina. Rigar iyo ta roba da ta yi mini daidai da safe ta zama hannu a maƙogwarona. Na ɗago in shaƙi iska, igiyar ruwa ta mare ni a baki, na haɗiyi gishiri. Daga nan duk abin da na koya ya gudu ya bar ni. Hannuwana suka shiga dukan ruwa, ƙirjina ya rufe, zuciyata na bugawa a cikin kunnuwana, wata murya a kaina tana cewa shi ke nan, a nan za ka ƙare. Ban san lokacin da Koci ya cafko wuyan rigata ya jingina ni da kwalekwalensa ba.

Da aka fito da ni ina amai a kan yashi, ba ki yi kuka ba, ba ki yi faɗa ba. Da kin yi, da ya fi mini sauƙi. Kika durƙusa kika goge mini fuska da gefen mayafinki, kika ce a hankali, "Na ba teku mutum ɗaya, Munzir. Ba ni da na biyu." Washegari kika ce ƙafar Umma na buƙatar mai kula, muka yi kamar wannan ne dalili.

Ya hasken gidana, na so in bari. Wallahi na ninke rigar na tura ta ƙarƙashin gado. Amma tsoron bai zauna a teku ba, gida ya biyo ni. Ina wanka ruwa ya zubo mini a fuska, ƙirjina ya kulle. Ina tsaye a kantin maganin da nake aiki ina miƙa wa wata tsohuwa maganin tari, haka kawai numfashina ya yanke, sai da na nemi kujera. Na ga in na ƙyale shi, zai yi ta matso ni har ya bar ni a lungu. Shi ya sa na kira ki na gaya miki zan koma. Kika ce, "Allah ya tsare," kika ajiye.

Koci Naji bai lallashe ni ba, kin dai san bakinsa. Ya ce, "Kai ɗan tudu, wa ya ce maka teku ne ya kama ka? Kai ka shaƙe kanka. Kana ta zuƙar iska kamar za a rufe kasuwarta, ba ka fitarwa. Rigar nan ko buhun siminti aka sa wa ita sai ya taso. Yau ba iyo za ka yi ba, kwanciya za ka koya, tunda ita ka fi ƙwarewa a kai."

Haka aka yi. A ruwan da bai wuce ƙirji ba ya sa ni tsoma fuska ina hura kumfa, har sanyin ya daina ba ni mamaki. Ya koya mini fitar da numfashi a hankali, mai tsawo, kafin in nemi wani. Ya ce da zarar na ji abin yana tasowa kada in yi kokawa, in juya rigingine, in buɗe hannuwa, in kalli sama. Ranar da na fara yin haka a inda ƙafata ba ta kai ƙasa, na ji ruwan da nake zaton zai haɗiye ni ya tallafe ni kamar tafin hannu. Na kwanta ina kallon wani farin tsuntsu yana shawagi. Tsoron ya hau, ya hau, ya kai inda zai kai, sannan ya sauka don kansa. Ashe yana da iyaka, Rauda. Ba wanda ya taɓa gaya mini tsoro ma yana gajiya. Ban kore shi ba, na dai koyi gane takunsa tun daga nesa.

Ranar gasar na tsaya a baya, can gefe, kamar yadda Koci ya ce, na bar masu gaggawa suna ta harbin juna. Na shiga a natse, ina ɗago kai jefi-jefi in duba babban balan-balan ɗin da za mu kewaya. Muna dab da shi, inda kowa ke matsowa wuri guda, wani ya hau ƙafata, wani ya ture mini tabarau na iyo, ruwa ya cika idona. Sai ga mutumin nawa, tsoron nan, da hannunsa a maƙogwarona kamar ranar farko. Na ce masa a raina, ka iso? Na juya rigingine, na fitar da numfashi, na yi hasbunallahu, na gyara tabarau, na jira. Ya yi abinsa ya wuce.

Ina shirin juyawa na ji wani sauti a gefena, wanda ban taɓa ji daga waje ba amma na san shi daga ciki. Wani mutum ne, sa'an Sufyan da yana nan, ya miƙe tsaye cikin ruwa yana duka, ido a waje, yana shan ruwa yana tari. Ban matsa kusa ba, don Koci ya sha gaya mana cewa wanda ya firgita yakan nutsar da mai cetonsa. Na tsaya inda hannunsa ba zai kai ni ba, na ɗaga wa masu kwalekwale hannu, na ce, "Ɗan'uwa, dube ni. Ba nutsewa kake yi ba. Kwanta da baya."

Ya ce, "Ba zan iya ba, mutuwa zan yi."

Na ce, "Ni ma yanzun nan na gama mutuwa, ga ni. Kwanta, rigar za ta ɗauke ka. Hura iska kamar kana fifita miya mai zafi."

Ya kwanta. Muka yi ta lilo a kan ruwa mu biyu kamar gumagumai, 'yan gasa na wucewa, ina ta yi masa surutu, ban ma san me nake cewa ba, har kwalekwale ya iso ya kama gefensa. Sunansa Hatim, direban motar haya ne daga Gafsa. Da ya huta ya ce zai ƙarasa, muka ƙarasa tare, mu ne kusan na ƙarshen fitowa. Koci na tsaye a bakin ruwa yana cewa, "Sannunku da hira. Ai da kun faɗa da na aiko muku da tabarma." Keken da gudun kuwa ƙafa ce kawai ta yi su, hankalina na can baya.

Tun ina cikin ruwan, Rauda, nake tunanin Sufyan. Da can ta wajenki nake jin zafin rashinsa, kamar mai jin ɗumin wuta ta bayan bango. Ranar da na ga idon Hatim na san abin da kike gani duk sa'ad da kika rufe naki. Ba mutuwar kaɗai ke cin ki ba, har da tunanin ya yi kira ba wanda ya amsa. Ban san yadda ƙarshensa ya kasance ba, ba kuma zan ƙirƙira miki ba. Amma ba shi kaɗai ne a jirgin ba, na kuma gani da idona cewa ko mutum na tsakiyar nasa tsoron, yana iya juyowa ya ce wa na kusa da shi, ɗan'uwa, dube ni. Ina roƙon Allah ya sa ya sami wanda ya ce masa haka. Sanin halin Sufyan kuwa, ya fi kama da shi ne ya faɗa wa wani.

Ya ke wadda dariyarta ke buɗe mini ƙirji kamar yadda rumman ke buɗewa idan ya nuna, wadda shirunta ya fi mini kowane zurfi nauyi, yaya zan yi da wannan kewa? Iskar yamma ta shigo ta kaɗa labule, in ɗago ina zaton ke ce. Maƙwabciya ta soya albasa, in tsaya a matakala kamar wanda aka kira sunansa. Ina kewar faɗanki, ina kewar yadda kike gyara mini wuyan riga ko da a gyare yake, ina kewar tafin ƙafarki mai sanyi da kike ɗora mini ba tausayi. Na iya riƙe numfashi a cikin ruwa yanzu, amma rashinki ban san dabararsa ba, Koci ma bai sani ba.

Ga alkawarina, Allah ne shaida. Ba zan taɓa shiga teku ni kaɗai ba, ba zan shiga ranar da iska ta tashi ba, ba zan shiga babu kwalekwale a kusa ba. In kuma kin karanta wannan zuciyarki ta ce a'a, to na bar shi, ba da ƙunci ba, ba kuma zan taɓa yi miki gori ba. Abin da na je nema na samo, numfashina ya dawo. Teku ba zai yi kewata ba, yana da masu shiga da yawa. Ni kuwa ba ni da wata Rauda.

Ranar Juma'a in an sauko zan zo Shabba. Zan ci kuskus da kifin Umma, ko da ta cika masa barkono don ta hukunta ni. Ba sai kin shirya amsa ba. In kin ga dama ki ɗauko jakarki mu koma tare. In lokaci bai yi ba, in zauna kusa da ke a tsakar gida har la'asar, inda hannunki zai kai ni, in tafi, in sake dawowa wata Juma'ar.

Naki ne, a tudu ko a ruwa, yau da gobe, har ranar da ƙafa za ta gaza gudu, zuciya kuwa ba ta gaza ba.

Mijinki,
Munzir