Ganyen Jegon Sajida

Lahadi, 8 ga Satumba 2024

Na gama haɗa akwati. Busasshen ganyen dogonyaro, kanwa ungurnu, yajin da na daka da hannuna, da zannuwa daga kasuwar Bab Makka. ’Yata Sajida ta kusa sauka a Glasgow ta Scotland, haihuwar fari, ita ke nan gare ni. Inna ta yi mini wankan jego a nan unguwar Nuzla ta Jidda, kakata ta yi wa Inna a Damagaram. Ni ma in sha Allah.

Talata, 17 ga Satumba

Sun hana biza. Wai iƙamata, takardar zamana a nan, ta kusa ƙarewa, ba su tabbata zan dawo Jidda ba. In zauna can in yi me, in ci sanyi?

Laraba, 18 ga Satumba

Na ce wa mijinta Abdulwahid ya nemi babban mutum. A nan haka muka sani, in ƙofa ta ƙi buɗuwa sai a samo wanda ya san mai makulli. Ya ce akwai ’yar majalisarsu, kowa na iya zuwa ya gan ta, ko ɗan aike ba a buƙata. Na ce yalla, me kake jira? Har na ce ya riƙa mata dabino, ya yi dariya. Ban ji daɗin dariyar ba.

Alhamis, 26 ga Satumba

Sun je. Sajida ta kira tana jan hanci. Matar ta karɓe su hannu bibbiyu, ta ce za ta sa baki, amma biza ba a hannunsu take ba, sai majalisar Landan.

Na ce to wace irin majalisa ce wannan? Ba ƙasa ba ce Scotland ɗin?

Abdulwahid ya karɓi wayar. Ya ce, “Ummi, ƙasa ce. Da can suna da majalisarsu, a 1707 aka haɗe ta da ta Ingila, komai ya koma Landan. Kusan shekara ɗari uku suna haka, sannan aka yi ƙuri’a mutane suka ce a dawo musu da ita, aka buɗe a Edinburgh a 1999.” Asibiti nasu ne, makarantu nasu ne, gidaje ma haka, su yi doka ta zauna. Soja, hulɗa da ƙasashe, da wa zai shiga wa zai fita, Landan ta riƙe.

Nan take na gane, don na zauna gidan surukai. Ranar da uwar Malam, Allah ya jiƙansu, ta raba mini tukunya, na yi murna kamar an ba ni gari. In dafa abin da na ga dama. Amma makullin ƙofar gida na ƙugunta har ta rasu.

Na faɗa masa haka, ya ce kusan haka ne.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ban je kasuwa ba. Raina a ɓace yake, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ta sauka lafiya, mace. Alhamdu lillahi. Na yi sujada, na yi kuka har maƙwabciyata Mastura ta shigo ta ɗauka wani abu ne ya faru.

Sun nuna mini wani kwali da gwamnatin can ke ba kowane jariri, da riguna da bargo da ’yar katifa, a ciki ma ake kwantar da shi. Wannan yana cikin ikonsu. Kwali dai sun iya ba jikata, kaka ce ta fi ƙarfinsu. Amma kwalin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Litinin, 21 ga Oktoba

Suna. Sun sa mata Zinariya, sunana. Na kalla ta waya.

Na koya wa Sajida kunun kanwa, ya yi mata tsululu. Wanka kuwa da ruwan famfo take yi, ita kaɗai, a tsaye. Ba ganye, ba mai gasa mata baya. Ta ce, “Halas, ya isa Ummi, ina lafiya.” Muryarta ba ta ce haka ba.

Juma’a, 8 ga Nuwamba

Joud, surukar Mastura, ta haihu shekaranjiya. Uwarta na Anjamena, Mastura kuma gwiwa ta hana ta sunkuyo. Da asuba na ɗora tukunya. Na buɗe akwatin na ɗebi ganye, kaɗan dai, aro ne. Da kanwa. Da yajin, tunda zai sha iska.

Yarinyar raguwa ce, ruwa na taɓa ta ta hau ihu. Na ce, “Daure mana Sajida.” Ba ta gyara mini ba, Mastura ma ta kau da kai.

Akwatin ya tare hanya, na tura shi ƙarƙashin gado. Ban ce na fasa tafiya ba. Gobe ma da asuba ne, sai arba’in.