Tsutsotsina da Man Dunƙule

Litinin, 3 ga Maris
Sakamako ya fito. Ina auna sinadarai a tsutsar cikin tumaki, daga ƙwai zuwa 'ya'ya zuwa manya. Sinadarin zink da na samu a jikinsu ya wuce hankali. Farfesa ya ce, "Malama, tsutsa kika auna ko kwanon rufi?" Idan ban gano dalili ba kafin kwamiti ya zauna, a kwandon shara aikin shekara zai kwana. Na yi kuka a banɗaki.

Alhamis, 6 ga Maris
Na wanke kwalabe, na canza ruwa. Shiru. Maigida cewa ya yi, "Dama wa ya aike ki? Mace da goyo tana tonon tumbi."

Asabar, 8 ga Maris
Na kama ɓarawon! Ina shafa wa 'yata Dunƙule man ƙurajen kunzugu, idona ya faɗa kan kwalin. Zink ne zalla. Kullum daga gindinta sai ɗakin gwaji, da hannun nan nake ɗaukar safar hannu in saka. Na yi ihu har yarinyar ta tsorata.

Lahadi, 9 ga Maris
Zan sake komai, kuma ni da man nan haihata-haihata har in gama. Na miƙa wa Maigida kunzugu. Ya riƙe shi kamar zai cije shi. "Ni ɗin?" Kai ɗin.

Laraba, 26 ga Maris
Mahauta, tumbi, wari. Ashe manyan tsutsotsin nan in suna motsi a ruwa kyau gare su.

Juma'a, 11 ga Afrilu
Na ci! Sakamako tas. Manya sun fi yawan sinadarin ƙarfe, tunda jini suke tsotsa, zink kuwa ya dawo daidai hankali. Farfesa ya cire tabarau ya mayar, ya ce, "Kwamiti ba su da ta cewa." A matattakala na taka rawa, wanda ya gani ya gani.

Talata, 15 ga Afrilu
Ban gaya wa Maigida an gama gwajin ba, don kada ya dawo min da aikina. Ɗazu na jiyo shi yana shafa wa Dunƙule man, yana cewa, "Tsaya mana, 'yar Dakta. Uwarki ta gama tun Juma'a, tana zaton ban sani ba."

Na daɗe a bakin ƙofa. Shinkafata ta kama.